Hannun Onarabul

A tashar Ajingi, kan bencin masu jiran motar Kano, wani dattijo na zaune cikin babbar rigar da wanki ya koɗar. Direbobi na ce masa Onarabul. Ana musu kan wa ya kamata ya gyara kwalbatin hanyar Gafasa, sai ya ɗaga hannu yana jira.

Ina jin tsohon kansila ne, tun zamanin da ciyaman ba ya haƙa ko rijiya sai majalisa ta amince.

"Baba, yi maganarka mana," in ji wani direba.

"A'a, ɗana. A zaurenmu sai an kira sunanka."

Aka dubi juna. Duk tashar babu wanda ya san sunansa. A hankali ya sauke hannun, ya gyara zaman hularsa.