Layin da ke gudu a baƙin allo

Na ce da Malam Sabi'u, "Tsaya, maido da wancan layin." Ya ce, "Iya, ba ya dawowa, in ya wuce ya wuce."

A ofishin wani ƙaramin asibiti ne nan Daura, inda ɗan farina ya yi aiki kafin babur ya kashe shi a hanyar Mai'adua. Na je karɓar kayansa, na tarar da abokin aikinsa, shi Malam Sabi'un, yana fitar da rahoton wata a kwamfutar marigayin, wadda za a goge a ba wani. Allon baƙi ƙirin, ya buga umarni, rubutu ya yi ta zubowa yana ɓacewa. Ni da tsufana na shiga yaƙi da jahilci, harafi harafi nake bi, amma wallahi cikin Turancin nan na ga an rubuta Inna da Hausa, kuma marigayin kaɗai ke kirana haka.

Ku da kuka san al'adarmu kun san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Har aka binne shi ban taɓa faɗa ba, "kai" nake ce masa.

Sabi'u ya ce idona ne. Na ce idona ya fi naka, sake. Ya sake, layin ya gifta, wannan karon shi ma ya gani. Ya bincika abin da marigayin ya rubuta wa na'urar kaf, babu kalmar Hausa ko ɗaya.

Ya ce zai kama rubutun duka ya zuba a fayil. Ya ƙara wata alama a ƙarshen umarnin, muka buɗe fayil ɗin, lissafin allura da haihuwa duk suna nan, layina babu. Ya dafe kai, ya ce wai rubutun ta ƙofa biyu yake fita, ta rahoto daban, ta ƙorafi daban, shi ta farko ya tare. Na ce, "To tare biyun mana, wa ya hana ka?"

Ya tare. Ya buga a takarda ya miƙo mini, bai ko kalla ba. Na sa yatsa na bi a hankali. Ranar da ke jiki ta yau ce, kuma ga abin da aka rubuta: Inna, kira ni.

Ku yarda ko kar ku yarda, ni dai Allah ne shaidata. Na dubi allon, sannan na faɗi sunansa, ƙasa ƙasa.

Sabi'u ya sake buga umarnin. Rahoto ya fito tas. Ya buɗe fayil, muka bi daga sama har ƙasa, Turanci ne zalla.