Kada Gwaggo Hajo ta ji a rediyo

Da safen nan ina ɗora wa yara abin kari wayata ta yi ƙara. Direktan gidan rediyonmu ne. Ko sallama bai yi ba, ya ce: "Ramatu, Baba Shaibu ya tahi."

Na ce ya tafi ina? Wallahi haka na tambaye shi, kamar wata sakarai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Shaibu Mai Talho ya rasu bayan ya dawo daga sallar asuba. Ya zauna a tabarma ya ce ƙirjinsa, kafin a nemo mota Allah ya karɓi abinsa. An yi masa sutura da hantsi. Amma ba mutuwar ce kaɗai ta hana ni sukuni ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, akwai abin da nake roƙo.

Ku yaran yanzu kun san shi da karanta sanarwa a rediyon karkara nan Filinge, ƙarfe shida na yamma. Iyayenku sun san shi tun yana saurayi a gidan waya, lokacin da duk garin nan layi ɗaya ne yake zuwa Yamai. Shi ne mai haɗa layin. Mutum zai zo tun safe ya zauna a benci, Baba yana ta ihun "alo Yamai, alo Yamai," wani lokaci har azahar ba a samu ba. Daga nan sunan Mai Talho, wato mai wayar tarho, ya bi shi.

A wancan zamani in ɗan ƙasarmu ta Kurfai ya rasu a Yamai ko can bakin teku wurin ci-rani, gidan waya ake bugowa, kunnen Baba ne yake fara ji. Sai ya rufe ofis, ya hau kekensa, ya je gidan. Ba ya faɗa a ƙofa. Sai ya shiga, ya zauna, an ba shi ruwa ya sha, ya sa an kira wani babba ya zauna kusa da uwar mamacin, sannan ya buɗe baki.

Da salula ta zo aka kakkafa dogayen ƙarafan rezo, masu ba waya sabis, har cikin ƙauyuka, aikinsa ya ƙare. Muka riƙa tsokanarsa, muna cewa Baba kowa ya zama mai talho, yanzu sai ka nemi wani suna. Ya yi dariya ya dawo rediyo. Amma dokar kekensa ya taho da ita har cikin situdiyo.

Ni na fi kowa sanin dokar, don ni ce na karya ta.

Watana biyu da fara aiki, ina ji da kaina, na yi karatun lakkol, ga Faransanci a baki. Wata rana Baba ya makara, wani ya bugo daga Yamai ya ba da sanarwar rasuwar ƙanensa, ɗan wani ƙauye wajen Damana. Na rubuta tsaf, na karanta tsaf, har ina jin daɗin muryata. Ashe uwar yaron tana tsakar gida tana sussuka, rediyo yana rataye a jikin rumbu. Ita kaɗai ce a gidan. Maƙwabta ne suka tarar da ita a ƙasa.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma Baba bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaunar da ni ya ce: "Ɗiyata, kin tambaya ko uwatai ta ji? Akwatin ga ba shi da hannu. In ya hwaɗi magana ba shi iya riƙe mutum."

Tun daga ranar, duk sanarwar rasuwa da ta zo, tambayarmu ta farko ita ce: na kusa sun ji? In ba su ji ba, takardar tana kwana a aljihun Baba, ko waye ya aiko ta.

Mutum ne mai rigima a kan ƙananan abubuwa. Bafulatani zai zo cigiyar saniya, Baba ba zai bar shi ba sai ya faɗi launinta, da tsagar kunnenta, da yadda ƙahonta ya karkata. Ya karanta da Hausa, ya maimaita da Zabarmanci, ya ƙara da Fulatancinsa mai ban dariya. Haka aka taɓa gano saniyar wani makiyayi, Bello, an riga an kai ta kasuwar Baleyara. Tun daga nan Bello ba ya shigowa gari bai kawo wa Baba nono ba.

Tsofaffin mata kuwa shi ne makanikensu. Rediyo ya daina magana, a kawo wa Mai Talho. Ya buɗe, ya hura, ya kankare wurin pil, wato batir, da wuƙa, ya ce ta tafi ta yi masa addu'a.

To ga abin da ya hana ni zama.

Baba yana da yaya, Gwaggo Hajo. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ta tsufa ƙwarai, idanunta sun tafi, tana can ƙauyensu arewa da nan. Ba zan rubuta sunan ƙauyen ba, kun san dalili. Tun da mutanen daji masu bindiga suka lalata ƙarfen rezon wajen, babu waya. Da farko samari suna hawa tudu su ɗaga salula sama ko za a dace, yanzu hawa tudun ma ya zama abin tsoro. An hana hawa moto, wato babur. Mota sai ranar kasuwa, ita ma in direba ya ga hanya ta yi daɗi.

Wato mun koma zamanin layi ɗaya, kuma layin shi ne muryar Baba. Kullum ƙarfe shida Gwaggo tana zaune ƙofar ɗakinta da rediyo a cinya. In ya gama sanarwa sai ya ce: "Yaya, muna lahiya, a kwana lahiya." Mutane suna ɗauka gaisuwa ce ga kowa da kowa. Ita yake nufi. Ranar kasuwa ya aika mata da pil, ita kuma ta aiko direba da amsa: ta ji shi, amma ya rage tari.

In ba shi da lafiya ni nake zama a kujerarsa, kuma ba ya barina sai na yi alkawari zan ce: "Baba Shaibu ya ce a gaida Yaya."

Jiya muka rabu a ƙofar situdiyo. Na ga yana dafa ƙirji, na ce Baba mu je likita. Ya ce: "Ke dai kin cika tsoro. Yaya ta ji ni, aikin yau ya ƙare. Gobe ki zo da wuri, akwai cigiyar raƙumi."

Takardar raƙumin tana nan kan tebur, da rubutunsa.

Yau ba ranar kasuwa ba ce. Gwaggo ba ta ji ba.

Direkta ya ce dole a sanar, mutane suna ta bugowa, mutum kamar Baba ba a ɓoye rasuwarsa. Na ce masa in dai ni ce a gaban mikro, ba zan karanta ba. Muka ɗan ɗaga wa juna murya, Allah ya yafe mini, shi ma kuka yake. Ya ce to a sa karatun Alkur'ani a lokacin shirin. Na ce duk tsohuwar da ta ji karatu a lokacin da ba a saba ba ta san an yi rashi. Ya ce to a sa tsohuwar muryar Baba da muke da ita a ordinata, wato kwamfuta, yau ɗaya tak. Wallahi zuciyata ta so. Amma in sa mamaci ya ce wa yayarsa muna lafiya? Ba zan iya ba.

Kowace hanya muka bi, akwatin zai faɗa mata. In na ce ya ce a gaida Yaya, na yi ƙarya. In ban ce ba, Gwaggo ba yarinya ba ce.

Muna cikin haka sai ga Bello, ya dawo daga maƙabarta, ƙafafunsa duk ƙasa. Ya saurare mu, ya ce: "Hajiya, ku bar wannan. Ni na san hanyar shanu, ba ni bin ta mota. Ina kai mata da bakina." Ya ɗaura jakinsa a amalanke ya fita kafin azahar. Na ce ya kira ni in ya isa, sai da na faɗa na tuna babu abin da zai kira ni da shi.

Yanzu ƙarfe huɗu saura. Ban san inda yake ba. Ban san ko ya gamu da wani a hanya ba, kuma in wani abu ya same shi ni ce na bar shi ya tafi. Na saka wannan a nan intanet ne don na san ba zai kai can ba. Amma don Allah abokan aiki na sauran gidajen rediyo, ku riƙe sanarwar zuwa gobe. Ita takan murɗa akwatin in ba ta same mu ba.

Ƙarfe shida zan shiga in zauna a kujerarsa. Zan karanta cigiyar raƙumi a hankali, da Hausa da Zabarmanci, yadda ya koya mini. In na zo ƙarshe ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Allah ya jiƙan Baba Shaibu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da kowane gida da ya shiga ya zauna kafin ya yi magana. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. Ku ƙara da ta Bello, Allah ya tsare shi, ya ba jakinsa sauri. Ku roƙa mini abu ɗaya: lokacin da zan buɗe mikro, a ce akwai mutum zaune kusa da Gwaggo Hajo, yana riƙe da hannunta.