Dariyar da Ba a Fassara Mini Ba

Shekarar da 'yata ta sami aikin jinya a Wales, ta zo unguwarmu Woolwich a London ta ɗauke ni a motarta, wai lallai sai na ga wani tsohon coci da ke bayan ƙauyen da take zaune. Ni ne magatakardan ikilisiyarmu ta masu jin Hausa, kuma ta san ina girmama abin da ya daɗe.

Cocin bai kai girman ɗakin da muke haya ran Lahadi ba. Ginin dutse ne, ƙofarsa gajera, sai da na sunkuya. Dokin ƙofar ya lotsa saboda yawan takawa, ciki kuwa sanyi ne da warin danshi, tumaki na kiwo har jikin katangar maƙabarta. An ce tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu ake ibada a wurin. Na yaba, kamar yadda ya dace.

Wata tsohuwa ce ke riƙe da mabuɗin. 'Yata ta gaishe ta da Welsh, yaren mutanen wurin. Na zaci a gaisuwar za ta tsaya, sai na ji hira ta miƙe, tana tuntuɓe tana tashi, ba kunya ba fargaba, tsohuwar tana dafa mata hannu.

Yarinyar nan a London aka haife ta. Tun tana goye nake yi mata Hausa, ita kuwa tun da ta shiga makaranta da Turanci take mayar mini. Na daɗe ina ba ta uzuri, ina cewa bakin 'ya'yan nan ne ya sandare. Ashe yana lanƙwasuwa. Ni ne dai ba a lanƙwasa wa.

Da muka fito maƙabarta, na nuna wani dutse mai rubutun yarensu.

“Karanta, ki faɗa mini abin da ya ce. Da Hausa.”

“Haba, Baba!”

“Na ce da Hausa. Ai na ga bakin yana aiki yau.”

Ta dubi dutsen, ta dube ni. “Wannan mata... ya mutu yana tsoho. Ya bar yara da yawa.”

Mace ce, an mai da ita namiji a cikin kabarinta. Gyaran ya zo mini har bakin haƙora, na danne shi da ƙyar, domin rabon da in ji jimlar Hausa daga bakinta har na manta, kuma ina son ta ƙara wata.

Ba ta ƙara ba. Tsohuwar ta matso ta faɗi wata magana, su biyun suka kwashe da dariya, har 'yata tana share ido.

“Me ta ce?”

Ta amsa mini da Turanci, cikin ladabi, cewa abin ba ya fassaruwa.

Na tsaya riƙe da hulata a tsakanin kaburburan mutanen da ban sani ba, ina jira su gama.