Malam Ishiyaku Zandam da Jimlar da Ya Goge

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah aka cire Malam Ishiyaku Zandam daga ƙungiyar marubutan kundin ilimi ta Birnin Kudu. Mutum goma sha huɗu suka ɗaga hannu. Laifinsa jimla ɗaya ce da ya goge.

Kundin nan a intanet yake, da Hausa, kowa na iya shiga ya rubuta ko ya gyara. Malam Ishiyaku ya shekara talatin a ɗakin gwajin jini, bai taɓa rubuta wa mutum zazzaɓin cizon sauro ba sai ya ga ƙwayar da idonsa. Shi ya faɗa mini abin da ke jinin matata, Allah ya jiƙanta, lokacin da kowa ke cewa sammu ne. Wata biyu na yi ban gaishe shi ba, don haka na san ɗacin gaskiyarsa.

Da ya yi ritaya ya koma garinsu Zandam, a ƙasar Gwaram, halin nan ya kai cikin kundi. Kullum in ya dawo gona da hantsi, sai ya zauna gindin darbejiyar ƙofar gidansa, inda sabis ya fi kamawa, yana bin rubutun mutane layi-layi a tsohuwar wayarsa. Shekara shida ke nan, ba albashi, ba lambar yabo.

Wata rana ya ci karo da shafin wani wasan bidiyo na ƙasar waje, irin mai jarumi da takobi yana ratsa rusassun majami'u da maƙabartu yana saran dodanni. Abdulnasir, shugaban ƙungiyar, shi ya rubuta shafin. A tsakiya ya saka cewa zane-zanen wani kogo da ke cikin wasan daga zanen duwatsun Birnin Kudu aka kwaikwayo su.

Maganar ta yi wa gari daɗi. Ta zaga wayoyi, wani mai shiri ya karanta ta a rediyo, direbobin tasha suka riƙa faɗa wa fasinja. Mutanen da suka tsufa a gindin duwatsun nan ba su taɓa hawa ba, ranar suka gano suna da tarihi, tunda Bature ya shaida.

Malam Ishiyaku bai taɓa riƙe abin buga wasa ba. Amma ya nemo bidiyon wani da ya buga shi daga farko har ƙarshe, awa goma sha ɗaya, ya kalla cikin kwana tara har ya iso kogon. Karnuka masu fiffike ya gani a bango. Ya hau mota zuwa Birnin Kudu, ya haye dutsen da gwiwarsa mai ciwo, ya sake duba abin da ya sani tun yana ɗan firamare: shanu ne. Ya karanta hirarraki uku da aka yi da masu wasan, babu ko sunan Afirka. Sannan ya goge jimlar, ya rubuta dalili: babu madogara.

Abdulnasir ya mayar. Malam Ishiyaku ya sake gogewa. Sau bakwai.

Nan gari ya juya masa baya. Aka ce ai ɗan Gwaram ne, baƙin ciki yake yi da Birnin Kudu. Mutanen da ya duba jinin 'ya'yansu suka riƙa kau da kai a kasuwa. Aka kira taro a wani aji, aka ba shi zaɓi: ya mayar da jimlar da hannunsa, ko ya bar ƙungiyar da da shi aka kafa ta.

"Baba, ka mayar a wuce wajen," in ji Abdulnasir. "Wa ta kashe?"

"Nuna mini inda aka faɗa, yanzu in mayar."

"An faɗa a rediyo!"

"Mai rediyon a ina ya gani?"

"A kundi mana."

"To wa ya sa a kundi?"

Hajiya A'i, malamar makaranta kuma ma'ajin ƙungiyar, ta ce, "Haba Malam! Sau ɗaya duniya ta waiwayo mu, kai kuma ka tsaya neman ƙwayar cuta? Nan ba asibiti ba ne."

Ya miƙe ya ce, "Jama'a, abu ɗaya zan faɗa." Ba su bari ba. Aka hau buga benci, aka ce a ɗaga hannu. Ya ƙirga hannuwan da kansa, kada a yi kuskure, ya gyara hularsa ya nufi tashar Gwaram.

Ƙungiya kawai suka iya hana shi, amma kundi ba gonar uban kowa ba ce. Masu gyara daga wasu garuruwa suka duba hujjojinsa suka tsaya a kansu. Jimlar ba ta dawo ba. Gaisuwar mutane ma ba ta dawo ba, kuma bai je bikonta ba. Yana nan gindin darbejiya, jiya shafin noman riɗi yake dubawa.

Malam Ishiyaku, kai ne ka kalli dodanni awa goma sha ɗaya don kada ɗan Bahaushe ya karanta ƙarya da harshen uwarsa. Kai ne aka ce ka zaɓi tsakanin mutanenka da gaskiya, ka ƙi yarda cewa abu biyu ne. Dutse, ba ka gane lallashi. Mun gode, mu da muka yi shiru ran nan da waɗanda suka ɗaga hannu, ko ba su sani ba. Matasa masu rubutu a kundi, in kuna neman wanda za ku kwaikwaya, motar Gwaram tana tashi kullum.

Na tambayi Malam Ishiyaku mene ne abu ɗayan da aka hana shi faɗa. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce:

"So na yi in ce musu ranar Juma'a mu hau dutsen tare, mu rubuta wa shanun nan shafi nasu na gaskiya. Sun fi ƙarfin a roƙa musu daraja a wurin wasan yara."