Hannun Ulysse ba na ɓoyewa ba ne

Ranar Talata, 11 ga Maris 1958, Ubangiji ya karɓi ƙanena Ulysse Fontenette, makaɗin jita, a gidansa nan New Orleans. Ni ce Celestine yayarsa, ni na rubuta wannan, mai ƙorafi ya san ƙofata.

Ulysse, da kai nake. Kana saurayi injin yankan katako ya cinye maka babban yatsa da manuniya da na tsakiya a hannun dama. Likita ya ce kiɗa ya ƙare. Ka dawo ka juya wa bango fuska, ko shinkafa da wake na dafa ba ka kallo. Ni kuwa na yanke harshen takalmina na zuwa coci, na ɗinka madauki, na maƙala ɗan abin kaɗa tsirkiyar a jiki, na ɗaura maka a dungun. Ka ce, "Yaya, wannan ai wasan yara ne." Na ce to yi wasan yaran, ka tashi mini daga gado. Wata da watanni kana damun unguwa, har karnuka sun gaji da kai. Daga baya masu kiɗan jaz na garin nan layi suke yi a ƙofarka.

A wani gidan abinci da kuke kiɗa, shugaban makaɗan ya ce ka sa safar hannu, wai masu cin abinci na ƙyama. Ka ɗaga hannun har hancinsa ka ce, "Maigida, shi ka ɗauka aiki, ni rako shi na yi." Ka bar aikin kuwa, alhali matarka Odile na da tsohon ciki. Da samari suka dawo daga yaƙi, wani ba ƙafa wani ba hannu, kai ke bin su gida gida, ka zauna ka ci abinci da dungunka a gabansu. Ɗana Marcel na cikinsu, kuma kai ka fito da shi daga ɗaki.

To jiya na shiga ɗakin da aka ajiye ka don jama'a su yi bankwana, sai na ga farar safa a hannunka, an cusa auduga, yatsu biyar cif. Mai gyaran gawar ya ce, "Mama, haka muke yi, don mutunci." Na ce, "Ɗan nan, yatsun wa ka ara masa?" Odile na kuka ta ce, "Yaya, kar a yi rigima." Na ce ba rigima. Na zare safar, na zubar da audugar, na ɗauko madaukinka a kan jitar na ɗaura maka, na ɗora hannun a sama. Wasu matan coci sun kau da kai. Wuyansu ne, su kau da shi.

Na ji ana cewa na tozarta gawa. Ban tozarta ba, kuma ba zan ba da haƙuri ba. Gobe 'yan badujala za su raka ka a hankali, su dawo da mu da rawa, kuma da ƙafafun nan nawa masu ciwo zan taka.

Odile, da ku 'ya'yansa Lucien da Bernadette, Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ulysse, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya ba ka hutawa. In ka isa wurin waɗanda suka riga mu, ka gaishe su da hannun nan yadda yake.