Muryar kaka a cikin adakar humra

Shekarun baya, da na fara aiki na sayi ordinatar, wato kwamfuta, na ɗauki muryar kakata tana rera waƙar renon da uwarta ta zo da ita daga Barno. Da Barbarci take, kuma duk gidanmu na Kara-Kara ita kaɗai ta iya ta har ƙarshe. Ba a daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa.

Daga nan tambaya ɗaya ta hana ni sakat: a cikin me zan ajiye muryar nan ta daɗe? Ni kuwa akwai shegen bin diddigi. Abokina ya ce in zuba a kile, ɗan abin nan da ake soka wa ordinatar. Wani ya ce kile in ya jima a ajiye, mantuwa yake yi. Mai shagon gyaran waya ya ɗaga faifan sede ya ce, "Wannan har jikokinka." Na ga yana ƙyalli, na yarda.

Na zuba, na kai wa mahaifiyata. Ta naɗe shi a kallabi, ta sa a adakarta, inda take ajiye abin da ta fi ji da shi, kusa da kwalaben humra da turaren wuta. Ordinatar ta mutu daga baya da duk abin da ke cikinta, ko a jikina.

Ranar sunan 'yata ta fari, mahaifiyata ta ce a sa wa jaririya waƙar. Muka fito da faifai yana ƙamshi kamar amarya. Na sa a ordinatar abokina, shiru. Na goge, na sake sawa, shiru. Da na ɗaga shi saitin rana, sai na ga haske yana ratsa shi ta wasu ƙananan huji. Ashe humra ce ta tsiyaya ta jiƙa kallabin, zafin ɗaki ya ƙarasa sauran.

Mahaifiyata sai ninke kallabin take ta yi. Raina ya sosu ƙwarai.

Sai ƙanwar mahaifiyata, wadda ke aure a Dogo, ta leƙo ta ce, "Yaya, wai waƙar Innarmu kuke nema? Ai tana wayata."

Na ce, "Ta yaya?"

Ashe ranar da na sa waƙar a zaman makoki, ta kara tsohuwar wayarta ta ɗauka. Tun daga nan, duk sanda ta canza waya, ba ta barin shago sai an mayar mata da ita, an kunna ta ji da kunnenta.

Ta danna. Sautin ba wani kyau, har da kukan akuya, amma kaka ce. Mahaifiyata ta rungume jaririyar tana bin waƙar a hankali, hawaye na zuba.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Ni na yi ta neman abin da ba ya lalacewa, ita kuwa ta ɗauka komai lalacewa yake, shi ya sa ba ta daina kwafa da saurara ba. Yanzu muryar tana wurare da yawa, a gida da wajen gida, kuma duk sallah sai na kunna na ji.

Na yi wa mahaifiyata sabon faifai, ta sake mayar da shi adaka. Na ce, "Inna, humra fa?"

Ta ce, "Bar shi nan. Kakarka ma haka take ƙamshi."