Baba Mai Awo da Gonar Gwaggo

Kafin rana ta yi zafi ya riga ya durƙusa a gonar wani, yana haƙo ƙasa yana ƙullewa a leda. Daga nan sai ɗakin awo, ya shanya, ya daka, ya tankaɗe kamar mai shirin girki. Manoma na ce masa Baba Mai Awo, don aikinsa auna lafiyar ƙasar noma ne. Bana zai ajiye aiki, kuma tun bai tafi ba an fara kewarsa.

Ba wadda tafiyar ta taɓa kamar wata dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo. Gonar da marigayi mijinta ya bar mata tana bayan masana'antar kwanon rufi, wadda ta daɗe tana kwararo ruwan tutiya, sinadarin da ake shafe kwano da shi, cikin gonar. Ita kuwa tutiya kamar gishiri take ga shuka, kaɗan gyara, da yawa ɓarna. Da ganye ya yi rawaya, maƙwabta suka ce yunwa ce, aka ƙaro taki mai tutiyar. Garin neman gira aka rasa ido.

Baba ya auna, ya hana shuka. Ya sa aka watsa farar ƙasa don rage tsamin gonar, ya ce sannu a hankali ƙasa ke ɗaure tutiya har ta daina ƙona saiwa.

Duk damina sai ta tare shi. "Malam, bana fa?"

"A ƙara haƙuri, Gwaggo. Ta ragu, amma da saura."

"Kai da gonar nan kun haɗa baki, sai kun ga bayana!"

Yakan yi dariya, amma abin na cin ransa, don ya sha ganin ta tsaye a bakin gonar tana kallon ta mutane na tsiro.

Kai ne ka ƙi sayen farin cikinta da ƙarya, Baba. Kai ne ka sha zagi shekara da shekaru don kada jikokinta su ci guba.

A awonsa na ƙarshe, gefen tudu kaɗai ya warke. Gwaggo ba ta iya ɗaga fartanya yanzu, sai aka riƙo ta, ta zauna ta binne iri da yatsa tana hawaye.

Mun gode, Baba, Allah Ya saka da alheri. Ku da za ku gaje shi, ku gaji haƙurinsa, kada ku yi wa ƙasa gaggawa. Sauran gonar na nan tana jira, Gwaggo ma haka.